Ƙafar Amalanken Auta

Litinin, 6 ga Oktoba

Shekara arba'in da ɗoriya ina faɗa: ba mu ƙona komai ba. Na faɗa wa 'yan sanda. Na faɗa wa maigadin gidan jarida da ya hana ni hawa benensu. Na faɗa wa matata har Allah ya karɓi abarsa, kullum amsarta, "Na ji, ci abincinka kafin ya huce." Ba wanda ya taɓa ɗaukar biro ya rubuta. To yau ga ƙaryar ta biyo ni har tsakar gida a cikin jakar makaranta.

Lauya, jikar ƙanena Auta, ce ta shigo da ita, ni na yi rainon ubanta. Ni na sa mata Lauya, don ba a gama magana da ita a tashi da riba. Ta baje takardu tana aikin gida, na zo wucewa, sai muka yi ido huɗu da shi. Hoton nan dai na jarida. Auta a gaba, taya a kafaɗa, baki buɗe, mu a bayansa kamar tururuwa. A ƙasa an rubuta: 'Yan tarzoma ɗauke da tayoyin da za su ƙona.

Na ce wa ya ba ki wannan? Ta ce malamar tarihi, darasinsu ne na wannan zango. Na ce kin san ko wane ne? Ta ce, "Na sani mana, Kaka, ai kamarsu ɗaya da Baba." Sai ta ƙara da cewa ba ta faɗa wa kowa a aji ba.

Wannan ce ta fi ci mini rai. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Ban yi makaranta ba. Baƙaƙen nan a jikin kwalaye na tsince su a tashar kaya, sauran kuma Lauya ce ta ƙarasa mini tana firamare, tana ƙwala mini fensir a yatsa. Tunda babu mai rubutawa, ni zan rubuta, ko da ya fito kamar sawun kaza.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ga yadda aka yi, takarda ta sani.

Hukumar gari ta hana amalanke bin babban titi, wai muna tare wa motoci hanya. Titin kuwa shi kaɗai ya haɗa tashar kaya da kasuwa. Mu a sana'armu in za a yi yaji ba a ihu, ba a zagi. Sai a sa sifana a kwance ƙafa ɗaya, wato taya, a bar amalanke a karkace. Duk ɗan kasuwar da ya gan shi a karkace ya san yau ba aiki, ba sai ya tambaya ba. Ranar muka ce bari mu ɗauki ƙafafun mu tara musu a ƙofar ofis: tunda kun hana shi tafiya, ga ƙafarsa ku riƙe. Iyakarta ke nan. Ɗan amalanke ya ƙona tayarsa? Gobe ya ci me?

Mun kusa gama tarawa 'yan sanda suka sauko daga mota. Barkonon tsohuwa, kulki, kowa na tari. Da hayaƙin ya ɗan yaye sai ga Auta a ƙasa, jini na fita ta kunne. Gari cike da 'yan amalanke, amma babu amalanke ko ɗaya da za a ɗora shi, duk mun gurgunta su da hannunmu.

Kowane amalanke mutum biyu ne, na gaba mai ja, na baya mai turi da riƙewa a gangare. Na bayan Auta shi ne Birki. Tare suke cin abinci a kwano ɗaya. Birkin nan ya sunkuya, na ɗauka Auta zai ɗaga. Taya ya sura, ya juya, ya ruga da gudu. Da idona na gani.

A bayana na goya Auta har asibiti. Kwana uku ya yi ya cika. A takardarsa likita ya rubuta faɗuwa. Rahoton hukuma ya ce ba a rasa rai ba.

Hannuna ya gaji.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na je makarantar. Maigadi ya tsare ni wai sai na sa hannu a littafi. Na sa, ya tsaya yana juya littafin sama da ƙasa. Sakarai.

Na zaci zan tarar da wata ƙatuwa. Ashe 'yar firit ce, tabarau ya fi fuskar, alli har a gira. Ta ba ni kujerarta, ta tsaya. Na zazzage mata tas, ba ta katse ni ba, wannan kam na ba ta. Da na gama na ce to, a kawo almakashi a yanke rubutun nan na ƙasan hoto.

Ta ce, "Baba, ba zan yanke ba. Rubutun ma hujja ne."

Na ce ƙarya ce hujja?

Ta ce hujja ce ta abin da mai jarida ya so mutane su gani. Wai ba hadda take ba yara ba, koya musu take yadda ake auna magana. Auna magana! Sai ka ce hatsi.

Ta roƙe ni in zo aji ranar Talata in faɗa da bakina. Na ce zan duba. Ai dama ranar nake jira.

Asabar, 11 ga Oktoba

Surukata, uwar Lauya, ta goge mini farar rigata. Lauya ta daina yi mini magana, wai na je na tona ta. Ban faɗi sunanta ba fa. Yarinya sai fushin tsiya, ban san inda ta gado ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Da na san abin da ake nufi da zuwa aji da na zauna a gida na yi gyaran rediyona.

An ajiye mini kujera a gaban allo. Fanka na juyi ba iska. Yara sun miƙe sun gaishe ni, na ji daɗi, na ce ashe da sauran tarbiyya. A allo Malama ta rubuta tambayoyi uku da manyan baƙaƙe, har ni na karanta: Wa ya faɗa? Ina yake tsaye a lokacin? Me yake so a yarda da shi? Na ce madalla, yau mai jarida zai sha tambaya.

Ashe ni za a yi wa.

Na ba da labarina tsaf, har wata a gaba ta share ido. Ina rufe baki hannuwa suka tashi. Wani mai kunnuwa kamar faifai ya ce, "Baba, shekarunka nawa yanzu?" Na ce me ya haɗa ka da shekaruna? Ya ce wai ƙwaƙwalwa tana canza abu in ya daɗe. Na ce taka da ba ta daɗe ba me ta riƙe? Aji ya kwashe da dariya, amma ja'irin sai da ya rubuta.

Wata ta ce da gani na sani ko da ji. Wani ya ce tunda ƙanena ne, ba dole in kare shi ba? Na dubi Malama in ga ko za ta tsawatar. Kai take gyaɗawa! Wai tambaya ce mai kyau!

Sannan aka miƙo mini hoto na biyu. Na san shi, a shafin ciki ya fito. Ƙofar ofis, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, tayoyi na ci. Na ce wannan na jabu ne, daga wani wurin suka ɗauko. Malama ta ce ta yaya na sani? Na sa yatsa a gefen hoton. Na ce ku duba nan, amalanke ne tsaye a kan ƙafa biyu. Ranar babu amalanke mai ƙafa biyu a garin nan kaf. Na ce yawwa, na kama su.

Ta juya ta rubuta a allo: Baba ya ce hoton na jabu ne.

Ya ce!

Sai mai kunnuwan nan ya sake ɗaga hannu. "Baba, lokacin da hayaƙin nan yake tashi, kana ina?" Na ce na faɗa maka ina asibiti. Ya ce, "To yaya aka yi ka san ba ku ƙona ba?"

Na ce na san mutanena. Ya ce eh, amma ka gani?

Na ɗauki hulata. Lauya tana layin baya, kanta a ƙasa, ko sau ɗaya ba ta ɗago ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ya ce. Ni da na goya shi jininsa na bin wuyana, ni ne ya ce.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Lauya ta sauko daga fushi don kanta, ta shigo mini ɗaki da waya a hannu. Wai sun buɗa hoton farko sun ƙura masa ido. Kowace taya da ƙarfenta a ciki, kuma mai niyyar ƙonawa ba zai wahalar da kansa da ɗaukar ƙarfe ba. Wani a layi na biyu da sifana a aljihu. Shaguna a buɗe, har ga mai shago tsaye yana kallo da kofi a hannu, wanda ba ya tsoro ke nan.

Na ce to, ba abin da nake faɗa ba ke nan tun kafin a haifi ubanki?

Ta ce shi ya sa suka yanke cewa rubutun jaridar yana da rauni.

Rauni! Ciwo ya ji? A ce ƙarya ne mana!

Ta ce ba za su ce ƙarya ba sai an samu wani shaidan da shi ma yana wurin, musamman da la'asar, lokacin hayaƙin nan. Ta ce, "Kaka, cikin mutanenku ba wanda ya rage?" Na ce duk sun mutu. Sai uwarta ta jefo daga kicin, ko kunya babu: "Baba, Birki fa?"

Na ce a gidan nan ba a kiran wannan sunan. Ta ce ai ba ta kira shi ba, tambaya ta yi. Gidan duk ya zama lauyoyi.

Lahadi, 19 ga Oktoba

An kama shi a ranar, ya yi watanni a kurkuku. Da ya fito ya zo ƙofata wai ta'aziyya, ya rame kamar sanda. Ya buɗe baki zai yi magana na rufe ƙofa. Ya sake zuwa na sake rufewa. Ko a tasha in ya biyo ta dama sai in bi ta hagu, har muka bar sana'ar. Me zai faɗa mini? Na ga bayansa, na ga tayar a hannunsa.

An ce yana bayan 'yan katako wurin 'yarsa, ƙafafu sun daina ɗaukarsa. Ƙafafun da suka iya gudu.

Talata, 21 ga Oktoba

Ashe munafukar yarinyar nan ta je wurinsa, ita da mai kunnuwa, bayan an tashi daga makaranta. Wai ya kalle ta ya kalle ta, ya ce jinin Auta ce ke. Amma ya ƙi ba su labari. Ya ce, "Ku je ku ce wa mai taurin kan nan, in ba ya zaune a nan ba zan ce uffan ba."

Ni ne mai taurin kai. Ji mini mutum.

Laraba, 22 ga Oktoba

Ba zan je ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Raka yarinya kawai na yi. Lungun ba kyau, motocin katako na ja da baya ba sa duba kowa.

Ɗaki ne ɗan ƙarami, ƙurar zarto har a kan gado. Yana zaune a keken guragu kusa da taga, haƙora sun zube, sai idanun nan. Na yi sallama don sallama ba tasa ba ce. Ya amsa ya ce, "Ka tsufa." Na ce kai kuma yaro ka koma. 'Yarsa ta kawo shayi, ban taɓa ba.

Lauya ta ajiye waya a gabansa tana ɗaukar murya. Ya faɗi na safe daidai da nawa, ƙafafu, ofis, barkonon tsohuwa. Na dubi Lauya na ce rubuta, shaidu biyu. Sai ta nuna masa hoton hayaƙi ta ce wannan fa, na jabu ne?

Ya ce, "Wane irin jabu? Mu muka ƙona."

Na miƙe tsaye. Na ce ƙarya kake! Ya ce, "Zauna, kai kana asibiti." Wai bayan azahar magana ta zaga cewa Auta ya mutu, tun kafin ya mutu ɗin. Mutane suka haukace. Ga tayoyi a tare a ƙofar ofis, wani ya kawo kananzir. Ya ce shi da kansa ya jefa guda biyu, bai ma san na waye ba. Mutane na kuka suna jefa hanyar cin abincinsu a wuta.

Na ce in haka ne, amalanke mai ƙafa biyu daga sama ya faɗo?

Ya ce, "Kai dai har yanzu jaki ne. Ni na kawo shi."

Wai da ya ga Auta a ƙasa ya san ba mai iya ɗaukarsa a hannu ba tare da an jijjiga kan ba. Sai ya suri ƙafar ya ruga tasha, ya ɗaura ta, yana sauri noti na faɗuwa, ya jawo amalanken shi kaɗai ba na baya. Kafin ya iso na riga na tafi da shi. Ya tambayi wace hanya muka bi, ba wanda ya sani. Yana nan tsaye da amalanke har wutar ta tashi, har aka kama shi.

Ban san lokacin da bakina ya ce, wa ya shaida? Kai kaɗai ka faɗa, kuma kai ne mai son a yarda da kai. Lauya ta juyo ta kalle ni. Na ce mene ne, ba haka kuke yi ba?

Birki ya ce a buɗa masa hoton. Ta buɗa da yatsu biyu har amalanken ya cika wayar. Ya ce, "Ba ni za ki nuna wa ba, nuna masa. Dubi hannun amalanken."

Hannun hagu ya fi na dama gajarta. Ni na yanke shi da zarto lokacin da ya tsage, ni na naɗe bakin da robar tayar keke don kada ya ci wa Auta tafin hannu. Ga naɗin nan.

Birki ya ce, "Tayar da ke kafaɗarsa a hoton farko, ga ta nan a jikin amalanke. Duk tayoyin da aka kai ranar, ita kaɗai ce na tabbata ba ta ga wuta ba."

Na ce to me ya hana ka faɗa? Ya ce, "In faɗa wa ƙofa?"

Shayin ya huce, na shanye don kada a zubar.

A hanya Lauya ta fara: "Kaka, ka ga mai jarida ya ga mutum da taya sai ya ce, kai ma ka ga mutum da taya yana gudu sai ka..." Na ce rufe mini baki, ki dubi gabanki mota na zuwa. Ba motar da ke zuwa.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Mutum zai ruga ba zai ce ga inda za ni ba? Kalma biyu fa. Ina zuwa. Laifinsa ne.

Litinin, 27 ga Oktoba

Ko ya faɗa, a cikin ihun nan wa zai ji.

Duk da haka.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Yau suka gabatar da aikinsu, Malama ta aiko in zo. Wannan karon a baya na zauna, kusa da ƙofa, ko da za a sake yi mini shari'a.

Sun liƙa hotunan biyu a bango, rubutun jarida na nan ba a yanke ba, amma a ƙarƙashinsa sun sa nasu. Lauya ce ta karanta. Na sa ta kwafo mini, ga shi:

"Da safe 'yan amalanke sun ɗauki ƙafafun amalankensu zuwa ofishin hukuma, alamar yajin aiki. Shaidu biyu da hoton kansa sun nuna ba don ƙonawa suka ɗauko ba. Da la'asar wasunsu sun ƙona tayoyi, bayan an ce an kashe ɗaya daga cikinsu. Mutumin da ke gaba a hoto ba ya cikin waɗanda suka ƙona. Ya rasu a asibiti bayan kwana uku."

Ta sauke takarda ta ce, "Kuma kakana ne." Ba a cikin rubutun yake ba. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ni ƙurar alli ce ta shiga mini ido, ajin nan ba a share shi.

Na ɗaga hannu kamar ɗalibi. Na ce layin nan na wasunsu sun ƙona, ba za a rage masa kaifi ba? Malama ta ce, "Baba, an ƙona ko ba a ƙona ba?" Na ce an ce an ƙona. Mai kunnuwa ya ce, "Wa ya ce?" Na ce wani jaki a bayan 'yan katako, kuma gaskiya ya faɗa, bar ni.

Sai na ce saura abu ɗaya, ku rubuta ɗan sanda ne ya kashe shi. Malama ta sauko daga gaban allo ta zo har inda nake, ta rage murya. Ta ce, "Baba, ka ga lokacin da aka buge shi?"

Shekara arba'in da ɗoriya ba wanda ya yi mini tambayar nan. Na rufe ido na duba. Ga kulake suna tashi suna sauka. Ga hayaƙi. Ina tari, ina murza ido. Ga shi a ƙasa. Tsakanin tsayuwarsa da kwanciyarsa babu komai, fari fat.

Na ce ban ga hannun da ya buge shi ba.

Da na iya cewa na gani. Wa zai ƙaryata ni? Birki ma bai gani ba, na tambaye shi. Yaran nan sun lalata ni.

Suka rubuta: An ji masa rauni a kai lokacin da 'yan sanda suke dukan mutane da kulki. Ba a san wanda ya buge shi ba. Takardar asibiti ta ce faɗuwa, rahoton hukuma bai ambace shi ba.

Ba a sani ba! Wani ya sani. Malama ta ce ita ma haka take gani. Ta ce mai ɗaukar hoto ba ya ɗaukar biyu kawai ya tafi gida, sauran suna wani wuri. Ta nema a ofishin hukuma tun farkon zango, kullum sai a ce mata mai makullin ɗakin ajiya ba ya nan. Na ce 'yar nan, ke da ladabi kike tambaya, shi ya sa.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na bi ta bayan 'yan katako, ƙusa nake nema. Tayar kekensa ta hagu ba iska, 'yarsa ba ta ma lura ba. Mutum ya yi rayuwarsa a kan taya a bar shi a kan faci. Na gyara don ba na iya ganin aikin banza, ba don shi ba.

Ya ce na ɗaure noti da yawa. Bai canza ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na koma shafin farko na ga abin da na rubuta, ba mu ƙona komai ba. Na ɗauki biro zan soke, sai na fasa. A bar shi. A gefe na ƙara: ya ce.

Lauya ta sami maki mai kyau, tana ta yi mini yanga. Na ce rabin makin nawa ne. Ta ce rabin na Baba Birki ne. A gidana, da bakinta, kuma rufi bai faɗo ba.

Gobe da safe za mu ofishin hukuma. Ta babban titi za mu bi, in ga mai hana mu. Shi a gaba a kekensa da hotunan a cinya, ni a baya ina turi ina riƙewa a gangare. Ya ce ban iya baya ba, zan kifar da shi. Na ce in ka ga dama ka sauka ka ruga.

An ce sai da shaidu biyu, to ga mu. Mun faɗi abin da muka gani, mun faɗi wanda ba mu gani ba, har wanda ba ya yi mana daɗi mun faɗa a gaban yara. Saura ku. Mai hoto, ina sauran hotunan? Likita, kana tsaye a ina da ka ga faɗuwa? Wanda ya rubuta ba a rasa rai ba, wa ya faɗa maka, me kake so a yarda da shi? In mai makulli ba ya nan za mu jira shi, Birki da kujerarsa ya zo, ni kuma na saba tsayuwa a ƙofa.

Ba na neman komai a hannunku. Mutum ɗaya ya fito, ya dube ni, ya ba ni amsa: wa ya bugi Auta?